Aikin da aka yi wa bayan yayana

Da ƙusumbi aka haifi yayana. Ƙashin bayansa ya karkata dama, kafaɗa guda ta fi guda tudu. Noma ya gagare shi, sai mahaifinmu ya kai shi koyon ɗinki, ya zama tela a kasuwar Tamaske. Ya yi aure, ya samu ɗiya huɗu, bayan nasa bai ƙara hana shi komai ba.

Sai da ya haura arba'in ciwon ya zo. Daga ƙugu yake tasowa, ya bi ƙafar hagu har yatsu, kamar an zura masa waya mai zafi, in ji shi. Wanzami ya yi ƙaho, aka sha rubutu, aka yi ta allura a Keita. Har ta kai a zaune yake salla, yana cije leɓe.

Lokacin ina koyarwa a lakwal, makarantar boko ta Buza. Na ɗauki hutu na raka shi asibitin Madawa, daga can aka tura mu Yamai. Bai iya zaman mota ba, kwance ya yi tsakanin kujeru bisa tabarma.

Likita ya ɗaga hoton ƙashin, ya nuna mana inda ya matse jijiya.

"Malam, bayanka ba zai miƙe ba. Jijiyar za mu buɗe wa hanya. Amma ƙafar tana iya mutuwa."

"In ta mutu, ciwon zai bi ta?" in ji yayana.

"Muna fata."

"To, a yi."

Da hantsi aka shiga da shi ɗakin aiki, sai bayan la'asar aka fito. Kwana uku yana barcin da ya daɗe bai yi ba. A rana ta huɗu ya kira ni.

"Ƙanwata, taɓa mini yatsun nan."

Na taɓa.

"Ki taɓa mana."

Hannuna yana kansu. Na kasa faɗa masa, sai ya duba da kansa.

Muka koma gida da sanda, yana jan ƙafa. Taka keken ɗinki ya fi ƙarfinsa, aka rufe shagon. Duk da haka wata bakwai yana dariya, har ya yi ƙiba. Da damina ta sauka ciwon ya dawo, a cikin ƙafar da ba ta jin taɓi.

Na ce mu koma Yamai.

"Sun faɗi gaskiya tun farko, ban ga laifinsu ba. Amma ba a ƙara yanka ni."

Yanzu a zaure yake wuni. In ciwon ya taso, sai ya katse magana ya dafa bango. Ɗiyansa sun gane, ɗaya bayan ɗaya suke tashi su fita.