Hannun Kawu Omer

Kawu Omer, ƙanen mahaifiyata, shi ke ba injin tururi mai a ramin kwal na garinmu a yankin Borinage. Injin nan ne ke sauke mutane cikin keji, ya hauro da su. Kawu ba ya son surutu, sai dai da tattabarunsa, ko da Firmin direban injin, wanda suka tsufa tare suna zolayar juna.

Abin da ya fi sa wa ido shi ne kan sandar fistan. Yana ɗaure da wani takalmin ƙarfe mai zamewa gaba da baya tsakanin dogayen ƙarafa biyu, su ke hana sandar karkacewa. In takalmin ya bushe ya kama, injin ya tsaya cak.

Wata safiya ruwa ya ɓalle a ƙasan ramin. Ƙararrawa ta yi ta bugawa, Firmin ya yi ta jigila ba hutu. Saura keji ɗaya, Kawu ya ji ƙauri.

"Firmin, takalmin nan yana hayaƙi."

"To ba shi mai, tsoho. Me aka ajiye ka ka yi?"

"Kofin man ya toshe. Sassauta in buɗe."

Firmin bai ɗaga ido daga allon da ke nuna zurfin keji ba. "In na sassauta ya kama, shi ke nan. Suna tsakiyar rami, ruwa na bin su."

Ƙarfen ya fara kuka. Kawu ya dumbuzo kitse daga bokiti, ya durƙusa. Takalmin na wucewa, sai ya shafa a kan ƙarfen ya fizge hannu kafin ya dawo. Kitsen na tafasa, yana fallatsar masa a fuska. Ya shafa, ya fizge, ya sake dumbuza.

"Saura kaɗan, Omer."

"Ka dubi gabanka, makaho."

A shafar ƙarshe hannunsa ya makara. Bai yi ihu ba, sai ya zauna daɓas ya cusa hannun a hammata. Sai da keji ya iso sama, mutane suka fito a jiƙe har ƙirji, sannan Firmin ya waiwayo ya ga jinin.

Yatsu biyu ya rasa. Da ya warke aka mayar da shi ɗakin da ake ajiye fitilun masu shiga rami, can ya ƙarasa aikinsa. Duk Lahadi Firmin kan zo, ya yanka masa burodi da cuku, su zauna a bayan gida suna gardamar tattabarar wa za ta riga isowa gida a tseren tattabaru.