Likitan Kifi Ya Shiga Ruwa

A unguwarsu babu mai kiransa da sunan yanka. Likitan Kifi ake ce masa, in an gaji a ce Likita. Sunan ya kama shi ne tun ranar da sakamakon neman shiga jami'a ya fito. Shi likitancin mutane ya nema, aka ce gurbi ya cika, aka jefa shi sashen nazarin kifi da halittun ruwa. Kawunsa, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa, ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"To ai shi ma likitanci ne," in ji Kawu. "Sai dai marasa lafiyar taka ba za su iya gaya maka inda ke musu ciwo ba."

Ya tafi makaranta da niyyar sauya sashe da zarar ya samu hanya. Bai sauya ba. Wata rana a ɗakin gwaje-gwaje malaminsu ya ciro ɓawo guda daga jikin wani kifi karfasa, ya ɗora a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, ya ce kowa ya zo ya leƙa. Da layi ya zo kansa sai ya ga zane-zane a jere, zobe cikin zobe, wasu a ware, wasu a matse.

"Inda suka matse ɗin nan," in ji malamin, "lokacin ne kifin nan ya sha wuya. Ko abinci ya yi ƙaranci, ko ruwan ya ɓaci. Shi ba ya magana, amma jikinsa bai manta ba."

Daga ranar abin ya shige shi. Ya zama shi ne farkon shiga ɗakin gwajin, shi ne na ƙarshen fita. Abokin ɗakinsa, wani mai son barci da ake kira Dogo, da bayanin Likita yake cin jarrabawa, kuma ba ya ɓoyewa. Yakan ce, "Kai ka karanta, ni kuma zan karanta ka."

Ya gama da sakamako mai kyau, ya fito neman aiki. Ma'aikatar albarkatun ruwa suka ce ba a ɗauka bana. Cibiyoyin bincike suka ce sai mai digiri na biyu. Digiri na biyun kuwa ba nasa ba ne a lokacin, don mahaifiyarsa na kwance, ƙannensa na makaranta. Dogo, da iyayensa ke da hali, ya wuce ƙarin karatu. Likita ya yi ta zagayen ofisoshi har dugadugan takalminsa suka cinye, masu gadi suka san fuskarsa suna ce masa sannu da ƙoƙari tun kafin ya gaishe su.

Kawu na da shagon kayan gini a bakin titi. Ya ce masa, "Zo ka riƙe mini shago kafin aikin kifin ya zo."

Wannan kafin ɗin ne ya cinye ƙuruciyarsa. Ya san kowace ƙusa da hannu ko bai duba ba, ya san fentin da ke jure rana da wanda ke ɓarewa. A bayan kanta, tsakanin buhunan siminti da tarin bututu, ya ajiye wani akwatin gilashi da 'yan kifaye a ciki, kullum sai ya goge masa ƙura kafin ya share shagon. Masu kiwon tarwaɗa a bayan gida suka gano shi. Mutum zai zo sayen kan famfo, ya jingina da kanta ya ce, "Likita, kifina sun daina cin abinci." Shi kuwa ya ture ciniki gefe ya shiga tambaya: yaushe ka canza ruwa, wane launi ruwan ya koma, suna tasowa sama da safe suna hamma? Kawu na daga ciki yana tsaki, yana cewa shagon nasa ya zama asibitin kyauta.

A nan ya yi aure. Matarsa tela ce, kekenta na bakin tagar ɗaki, mace mai saurin hannu da saurin baki. Suka haifi yara, rayuwa ta miƙa.

Sau ɗaya tak aikin kifi ya leƙo shi a waɗannan shekaru. Wani attajiri ya gina gonar kifi a bayan gari ya ɗauke shi ya kula da ita. Attajirin ya zuba 'ya'yan kifi fiye da abin da tankunan za su ɗauka, ya kuma hana a riƙa kunna injin sauya ruwa yadda ya kamata, wai ana ɓarnar mai. Likita ya faɗa masa, amma a hankali ya faɗa, kansa a sunkuye, irin faɗar wanda ya daɗe yana jiran aiki kuma yake tsoron rasa shi. Wata safiya aka tarar da kifin sun juya ciki sama, tanki bayan tanki. Aka sallame shi a gaban leburori. Ya koma shago, ya yi watanni ko kallon akwatin gilashin ba ya son yi. Matarsa ce ta riƙa aiko da saƙo a tuna masa ya zuba wa kifayen ciki abinci.

Furfura ta riga ta cika masa gefen kai lokacin da labarin cibiyar ya zo. Wata mai kawo wa matarsa ɗinki ce ta faɗa a cikin hira, cewa cibiyar binciken kifi da ke bakin babban tafki na neman ma'aikata, ɗanta ma ya nema. Matarsa ba ta jira ya huta ba, yana cire takalmi ta tare shi da maganar.

"Wannan na yara ne," ya ce. "Ni yanzu me na sani ban da farashin kwanon rufi?"

"Baban yara, tun da na aure ka nake jin kifi, kifi. Na san sunan ciwon kifi fiye da na mutane. Ka je su ce ba sa so, in ji da kunnena, sai mu huta gaba ɗaya."

Ita ta ɗinka masa rigar da ya sa ranar ganawar. Da ya shiga zauren jira, matasan da ke zaune da kwamfutoci a cinya suka miƙe tsaye suna gaishe shi, sun ɗauka yana cikin masu tantancewa. Wata ma ta tambaye shi, "Baba, ɗanka ka rako?" Ya yi murmushi ya ce a'a, kansa ya rako.

Da aka kira shi ciki, wanda ke zaune a tsakiyar teburi, da tabarau da tumbi, Dogo ne. Shi ne daraktan cibiyar. Suka haɗa ido, Dogo ya buɗe baki ya rufe, ya shiga gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

Tambayoyin farko Likita ya amsa su kamar ruwa. Yadda kifi ke hayayyafa, abin da ke kashe su, yadda ake gane tafkin da aka yi wa kamun wuce gona da iri. Sai wata matashiya a ƙarshen teburin ta tambaye shi manhajar da yake amfani da ita wajen lissafin yawan kifi, da ko ya taɓa aiki da hoton tauraron ɗan Adam.

"Ranki ya daɗe, ban san su ba," ya ce. "Lokacin da na yi karatu babu su."

Bayan an tashi Dogo ya aika aka kira shi ofis, ya rufe ƙofa, ya rungume shi. Suka sha shayi, suka tambayi juna iyali. Sannan Dogo ya cire tabarau ya murza idanu.

"Mutumina, ba zan yi maka ƙarya ba. Kujerar mai bincike ba zan iya ba ka ba, ƙa'ida ta hana, kuma yaran nan sun yi nisa. Amma akwai gurbin ma'aikacin fili. Shiga jirgi, jefa raga, ɗebo ruwa, awon kifi, wanke kayan aiki. Ƙaramin matsayi ne, kuma yarinyar da ta yi maka tambayar nan ita ce za ta zama shugabarka. Wallahi kunyar faɗa maka nake ji."

Likita ya ce zai yi shawara. A mota yana komawa gida zuciyarsa na tafasa. Shi da ya koya wa Dogo bambancin kifi namiji da mace, yau shi ne zai wanke bokiti a ƙarƙashin 'yar da ya isa ya haifa.

Matarsa ta saurare shi har ya gama, ƙafarta na kan keke ba ta taka ba.

"A shago wa kake wa aiki?" ta ce.

"Kawu."

"In mota ta kawo siminti kuma yara ba sa nan, wa ke saukewa?"

"Ni."

"To buhun siminti bai rage ka da komai ba, sai bokitin kifi? Ni ba matsayi na aura ba. Mutum nake so ya dawo gida fuskarsa a sake."

Kawu ne ya fi ba shi tausayi. Ya tsufa, ido ya yi rauni, shagon kusan Likita ne ke riƙe da shi. Da ya je masa da maganar yana ta kewaye-kewaye, tsohon ya katse shi.

"Ai aro na yi ka, ɗana, kuma na daɗe ban mayar ba. Tafi. Ƙaninka zai zauna, ko da yake bai san ƙusa daga allura ba."

Ranar farko a kan tafkin ba ta yi masa daɗi ba. Rabonsa da jirgin ruwa tun yana ɗalibi. Injin na tashi, igiyar ruwa ta fara jijjiga su, cikinsa ya juya, ya sunkuya a gefen jirgi ya amayar da karin kumallonsa. Wasu masunta da ke wucewa a kwale-kwale suka kwashe da dariya, ɗaya ya ɗaga murya ya ce, "Baba, ciyar da kifin ka zo yi?"

Shugabar tawagar, matashiyar nan da ta yi masa tambaya ranar ganawa, ta yi kamar ba ta gani ba. Ta miƙa masa na'urar auna iskar da ke cikin ruwa, ta ce ya riƙa zura ta a duk inda suka tsaya yana faɗa mata abin da ta nuna. Bai taɓa riƙe irinta ba, amma girman kai ya hana shi tambaya. Haka suka yi ta zagaye har rana ta take. Ita kuwa tana duba lambobin tana yamutsa fuska, don duk wurin da suka je abu ɗaya na'urar ke faɗa. Ta karɓa ta juya ta. Murfin robar da ke kare bakinta na nan, bai cire ba. Aikin safiyar gaba ɗaya ya tashi a banza.

Ta ja dogon numfashi. Ya ga ranta ya ɓaci, kuma ya san da gaskiyarta.

"Baba, me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

"Kunya ce, ranki ya daɗe."

"To don Allah a bar kunyar a bakin ruwa. Man jirgin nan da ƙyar muke samunsa." Ta matso kusa da shi. "Kawo hannunka. Nan ake murɗawa. Sai ka jira lambar ta daina rawa kafin ka karanta."

Suka sake zagayen tun daga farko, cikin rana. Da suka dawo ya wanke ragar da bokitan shi kaɗai, ya shanya, ya zauna a kan wani juyayyen kwale-kwale yana tunanin ko ya tattara kayansa. Bai tattara ba. Washegari ya riga kowa zuwa, ya same ta a ɗakin ajiya ya ce ta nuna masa kowace na'ura ɗaya bayan ɗaya, kamar ɗan aji ɗaya. Ta nuna masa. Yatsunsa da siminti ya kausasa sun sha wahalar allon taɓawa, yakan danna abu biyu a lokaci guda, ita kuma ta koyi haƙuri da shi. Cikinsa ma a hankali ya saba da ruwa.

Har yanzu yana can, a wani ɗan ɗaki bayan cibiyar, yana zuwa gida ƙarshen mako. Ba a ƙara masa girma ba, sunansa ba ya fitowa a kan rahoton da ake bugawa sai can ƙasa cikin waɗanda aka gode wa. Bayansa na ciwo in ya ja raga. Amma ya yi baƙi, ya rame, ya koma mai yawan dariya.

Kwanakin baya matarsa ta kai masa ziyara. Aka yi aka yi ta shiga jirgi ta ce ita ba da ita ba, ta samu inuwa ta zauna tana kallon su daga nesa. Da suka dawo ta matso ta ga yana ciro kifi daga bokiti, ya shimfiɗa shi a kan allon awo, ya faɗi tsawonsa, ya ɗora a sikeli, sannan ya sunkuya ya sake shi cikin ruwa a hankali. Ya ɗauko wani, shi ma haka. Sai ya ciro wani ƙato mai ƙiba.

"Tsaya, tsaya," ta ce. "Wannan ma sakin sa za ka yi?"

"Mace ce, cike take da ƙwai."

Ta riƙe haɓa ta dubi shugabar tawagar. "'Yata, ashe duk shekarun nan da na yi ina jira, kifin ma ba a ci?"

Shugabar ta tuntsire da dariya har ta kusa sakin allon hannunta. Likita ya ce in ta yi haƙuri su gama, zai kai ta wurin masunta ta zaɓi wanda take so. Ta koma inuwarta ta zauna, shi kuma ya sa hannu cikin bokiti ya lalubo na gaba.