Hannun Usaini Ya Taɓa Ƙasa

Maikano mai facin taya ne a bakin tashar Dogon Dutsi, amma in ka je kana cigiyar Maikano, wallahi sai a yi ta kallonka. Ka ce Buhun Gero, kowa zai nuna maka rumfarsa.

Tun muna samari aka liƙa masa sunan. A wata kokowar kaka a ƙauyenmu, Usaini na Matankari ya sunkuce shi sama ya maka da ƙasa. Faɗuwa ba komai ba ce, wane ɗan kokowa ne bai taɓa faɗuwa ba? Abin da ya ƙona rai shi ne Usaini ya kakkaɓe hannuwa, ya dubi makaɗa ya ce, "Buhun gero na sauke." Makaɗa kuwa suka cafe.

Maikano bai sake shiga fili ba. Ya dawo Dutsi, ya koyi faci, ya yi aure, ya ajiye tumbi, sunan na biye da shi. Duk ya haɗiye, har ranar da 'yarsa Hanifa ta dawo daga lakwal tana kuka, wai 'yan ajinsu na ce mata Ɗiyar Buhu. Ranar na ga idonsa ya kaɗa ya yi ja.

Ana haka muka ji matasan Matankari sun ƙirƙiro wani gudun safe, na kowa da kowa, a kewaye gari a dawo. Aka ce Usaini, wanda yanzu ya zama mai kanti, yana cika baki zai shiga.

"Jibo," in ji Maikano, "wanga karon ko ni ko shi. Kira man Dauda ya zo da gangarshi."

Mu dai kokowa muka sani, don haka shirin kokowa muka yi. Muka ɗura masa tuwo da sassafe, ya ɗaura layunsa a damtse, muka matsu cikin motar tasha, Dauda makaɗi rungume da ganga, wata tsohuwa tana ta tsine mana don mun danne mata kaji. Da muka isa, wani saurayi mai usur ya dubi gangar ya ce, "Baba, nan fa ba a kiɗa, motsa jini ne kawai, babu abokin gaba." Na ce masa ya ji da usur ɗinsa.

Usaini na hango mu ya washe baki. "A'a! Buhu, kai ma mirginawa ka zo yi?" Mutane suka kwashe da dariya. Ni kam na so in shaƙe shi.

Aka busa usur. Ni da Dauda muka hau baburan kabu-kabu muka bi gefen hanya. Samari da 'yan mata suka wuce fuu, aka bar tsofaffin biyu a baya. Tuwo ya tsaya wa Maikano a ƙirji, yana huci kamar bijimi, amma ya manne a bayan Usaini. Sau da yawa ya samu hanyar wuce shi, ya ƙi. Na yi ta ihu, "Wuce shi mana, don Allah!" Bai ko dube ni ba. Ashe ba wucewa ta kawo shi ba.

Wajen wani yashi mai zurfi ƙafafun Usaini suka fara rawa. Ya waiga, ya ga Maikano a ƙeyarsa, girman kai ya hana shi tsayawa. Ya ƙara wuta, ya yi tangaɗi, sai ga shi gurfane, hannu biyu cikin yashi.

A kokowa, hannunka ya taɓa ƙasa an gama da kai. Maikano ya ja birki a kansa ya ɗaga hannu sama.

"Jama'a ku shaida! Ban taɓa shi ba! Dauda, kaɗa!"

Dauda ya diro ya saki ganga. Mata suka fito daga gidaje, masu amalanke suka tsaya. Usaini ya miƙo hannu a tashe shi, Maikano ya mai da nasa baya. Ya ce, "Raƙumi ya durƙusa, a kawo kaya." Dauda ya cafe, ya yi ta maimaitawa har 'yan kallo suka iya amshi. Ni kam raina fes, ba zan ɓoye ba.

Ba mu ƙarasa gudun ba. Mai usur ya biyo mu yana faɗa da Faransanci, wai mun ɓata musu taro. Oho dai.

Yanzu duk Matankari Durƙusau ake ce wa Usaini, har masu sayen sukari a kantinsa. Shi kuwa Maikano sunansa bai goge ba ko kaɗan. Na ce masa, "To mi ka samu? Har yau Buhu ake ce maka."

Bai ɗago daga tayar da yake liƙewa ba. Ya ce, "Nawa ba ya fita, Jibo, na daɗe da sani. So nake shi ma ɗiyanshi su komo gida suna kuka."