Bangon Ɗakin Inna

Washegarin Sallar layya, a shekarar da na shiga aji uku na firamare, mai hoto ya shigo ƙauyenmu daga Haɗeja a kan keke, da kyamara a wuya da wani ƙyalle a naɗe a bayan sirdi. Ƙamshin suyar nama bai gama barin tsakar gida ba Baba ya ce kowa ya sa kayan Sallarsa, za a ɗauki hoton da za a aika wa ƙaninsa a Kano. Aka shimfiɗa tabarma a gindin bangon ɗakin Inna, don nan haske ya fi kyau. Sai mai hoto ya warware ƙyallen nan, ashe zanen gidan bene ne da mota da furanni, ya ce a kama masa a rufe bangon. Inna, wadda ba ta saba tankawa a gaban baƙo ba, ta ce a hankali, "Malam, da dai an bar bangon haka." Baba ya yi dariya ya ce, "Haba, laka za mu aika wa mutanen birni?" Aka rufe. Hoton yana nan har yau, mu a jere kamar an dasa mu a gaban benen da ba mu taɓa gani ba, Inna kuwa kanta a sunkuye.

Ni na san abin da ke bayan ƙyallen. Gidanmu a bakin fadama yake, duk damina sai danshi ya ci gindin bango, don haka da ruwa ya janye sai aikin yaɓe ya tashi. Mu yara mu ne masu jigilar laka a kwano daga bakin kogi, mu kwaɓa ta da ƙafa da ƙaiƙayin shinkafa, muna zamewa muna ihu, Inna tana shafawa da hannu tana yi mana faɗa. A wata shekara, kafin yaɓen ya bushe, yayata Hauwa ta faki idon Inna ta danna tafin hannunta a jikin bangon, dab da ƙofa. Yatsunta biyar suka fito raɗau. Ta sha ranƙwashi a kai, ta ruga tana dariya. Da damina ta zagayo zazzaɓi ya kwantar da ita, ba ta tashi ba. Ba a taɓa ɗaukarta hoto ba, ko sau ɗaya.

Yaya Hauwa 'yar fari ce, kuma a wajen iyayenmu mata 'yar fari abar kunya ce. Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba tana raye, balle bayan ta rasu. Ko a zaman makoki ba wanda ya ga hawayenta. Amma duk shekara in ta zo yaɓe, sai ta bi gefen tafin nan da ɗan yatsa ta kewaye shi, ta bar shi yadda yake, har bangon ya yi kauri, hannun ya koma cikin ɗan gurbi. A gindinsa muka yi 'yar carafke, a nan muke zube kifin da muka kamo da homa, a nan nake jingina in na dawo daga korar tsuntsaye a gonar shinkafa, muryata ta dushe. Ina sa hannuna a cikin nata in gwada, har ranar da na ga nawa ya fi shi girma, na shige ɗaki na yi kukana. Abin da Inna take so ya fito a hoto ke nan ranar, kunya ta hana ta faɗa, ba kuma wanda ya tambaye ta.

Ƙanena Sagir bayan duk wannan aka haife shi, a wurinsa ramin nan wajen ajiye ashana ne. Ya girma ya zama ɗan gayu mai son waya kamar ransa. Shekarun baya ya zo min gida a Haɗeja, inda nake aure, yana ta zumuɗi da wata sabuwa da ya saya. Wai tana da wani ido na musamman mai gane abin da ke kusa da abin da ke nesa. Ya auna min faɗin ɗaki da ita, alhali na san faɗin ɗakina. Ya nuna min kujerar da babu ita zaune a tsakiyar falona, ya sa wa ɗana kunnuwan zomo. Na ce, "To sai me, Sagir? A zauna a kai?" Ya ce, "Yaya, ke dai ba ki waye ba."

Da wannan wayar ya je ƙauye. Inna ta tsufa a lokacin, Baba ya riga mu gidan gaskiya. Matar da duk rayuwarta take gudun hoto, ita da kanta ta ce masa, "Zo ka ɗauke ni da abin nan naka." Ta yafa mayafinta mai kyau, ta ɗauko kujerar tsuguno ta ajiye a jikin bango, dab da ƙofa, kafaɗarta a gefen gurbin. Sai gwanin ya ce, "Inna, matso gaba, ki rabu da bangon, sai ya fi fitowa." Ta matso, don ta ɗauka shi ya san aikinsa. Da ya turo min hoton na ga fuskar Inna tas, har ana iya ƙirga gashin girarta, bayanta kuwa ba komai sai wani dishi-dishi ruwan ƙasa, kamar an zuba kunu a kan gilashi. Na kira shi raina a ɓace na ce ina bangon. Ya ce ai nan ne gwanintar wayar, ita take gane mutum ta share tarkacen da ke bayansa. Tarkace! Na faɗa masa ko hannun wa ke cikin tarkacen, ya ce in ya koma zai sake ɗauka.

Bai koma ba sai da kogi ya riga shi. A daminar nan ruwa ya shigo gari, ya kwana a tsakar gidanmu ya wuni, a kwalekwale aka fito da Inna da ƙullin kayanta. Da ruwan ya janye, ɗakin ya koma lakar da muka ɗebo shi daga cikinta. Wani mai gyaran waya ya ce min da ana da wayar da aka ɗauki hoton da ita, wataƙila a iya cire dishi-dishin. Ashe Sagir ya riga ya musanya ta da wadda ta fi ta idanu.

Inna tana wajena yanzu. Wata rana bayan la'asar ta ce, "Nuna min hoton nan na gida." Na miƙa mata. Ba ta ko kalli fuskarta ba. Ta sa yatsu biyu ta buɗa wajen kafaɗarta, yadda ta ga jikokinta suna yi, ta buɗa, ta ƙara buɗawa, har allon ya zama ruwan ƙasa gaba ɗaya. Ta daɗe tana kallo. Sai ta miƙo min ta ce, "Idona ne ya yi rauni, ko?" 

Shi ya sa in ana yabon wayoyin nan a gabana raina yake ɓaci. An ce suna da amfani, ban musa ba, mai sayar da labule ma ya auna taga da su. Amma wa ya gaya wa waɗanda suka ƙera su cewa abin da ke bayan mutum ba shi da daraja? Kuma me ya sa mu muka yi saurin yarda? Kunyar lakarmu da ta sa Baba ya rataya ƙyalle ita ce dai aka zuba a cikin waya, muka saya da murna. Gara ma ƙyallen, don da mai hoto ya hau kekensa mun yaye shi, mun tarar da bangonmu yana nan. Yau ina da hoton Inna iri biyu, a duka biyun ta zauna ne don a ga hannun 'yarta, kuma babu wanda hannun ya fito a cikinsa.