Hanon Gindin Badala

Ranar Litinin ɗin da soja suka miƙa wa farar hula mulki, a ƙarshen daminar saba'in da tara, maza sun cika zauren gidanmu na Gwale sun kewaye rediyo, ana ta gardama. Ni kuwa kakata Iya Kulu ta ɗora mini ƙwarya a ka, ta ɗauki ɗan gizagonta, ta ce mu je gindin badala mu samo wa matar baffana sassaƙen hano, don ba ta daɗe da sauka ba. Ban fi shekara goma sha ɗaya ba lokacin. Iya ta kwana biyu ba ta leƙa wajen ba saboda ciwon ƙafa, shi ya sa muka tafi a hankali. Da muka ɓullo ta bayan kududdufi sai ga bishiyar tsaye fara fat, an saɓule ɓawonta duk zagaye, tun daga gwiwa har inda hannun namiji yake kaiwa, ƙaro yana tsiyaya, ƙamshinsa ya cika wurin. Iya ta zagaya bishiyar tana shafa ta da tafin hannu, tana neman ko da zirin ɓawo ɗaya da ya rage ya haɗa sama da ƙasa. Babu.

To, bari in faɗi yadda wurin nan yake kafin ranar. Mu 'yan cikin birni ne gaba da baya, amma ba mu tashi muna sha'awar dajin kowa ba, don namu yana bayan gida. Tsakanin katangarmu da badala fili ne mai kanya da magarya da aduwa da ɗinya, ga kalgo da sabara a gefen ruwa, ga tafasa da lalo da gasaya suna fitowa da kansu in ruwa ya sauka. Da safe in na gama shara da wanke-wanke ni ake aika tsinko ganyen kwaɗo, in dawo baki baƙi ƙirin da ɗinya, a ce in buɗe a gani. A ƙarƙashin tsamiya muke carafke da 'yan tsakuwa, mu yi wa 'yartsanar kara kitso, mu jefo aduwa mu tsotsa har harshe ya yi zafi. Kowace bishiya da sunanta da aikinta. Hano kuwa guda ɗaya ce tak a duk unguwanninmu, ɓawonta yana ɓarewa siriri kamar takarda. Masu jego suna shan sassaƙenta, ana turara ɗaki da ƙaronta. Iya ta ce kakanta ne ya zo da reshenta daga dajin kudu ya kafa, don haka kowa ya san tamu ce, ko da yake ba a taɓa hana kowa ɗiba ba.

Ɗibar tana da ƙa'ida, kuma har yara sun san ta. Za ka yi bisimilla, ka sari faɗin tafin hannu ta gabas, ka kwaɓa laka ka yaɓe ciwon, ba za a sake taɓa wurin ba sai ya warke. "Bishiya ta fatarta take sha," in ji Iya, "in ka zagaye ta ka yanka mata wuya." Haka aka yi ta yi tun kafin a haifi ubana.

Abin da ya faru shi ne, lokacin kamfe wasu mutane sun zo da igiyar awo suka kakkafa turaku a filin. Nan da nan magana ta bazu cewa da zarar farar hula sun hau za a yanka wurin fuloti-fuloti, a sare duk abin da ke tsaye. Ba wanda ya san gaskiyar zancen. Amma kowace mace mai ɗiya da ciki ta ce bari ta ɗebi na ajiya tun kafin a sare, masu sayar da magani a Kasuwar Kurmi su ma suka turo aka ɗebo musu.

Muna nan tsaye sai ga Gwaggo Asabe, unguwarzomar layinmu, ta zo wucewa. Ta ga Iya, ta rage tafiya. Ta ce, "Iya, wallahi tafin hannu ɗaya na ɗiba, kuma ta gabas na sara, na yaɓe da laka."

Iya ta ce, "Na sani, Asabe. Kowa ta gabas ya sara, kusa da na wanda ya riga shi. Ga gabas ɗin taku nan ta je ta dawo."

"Ai dama sarewa za su yi."

"To, kun hutar da su."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ta sa na ɗebo laka daga kududdufi, muka yaɓe jikin bishiyar kaf, alhali ta san ba amfani. Sannan ta sari rassa muka kai gida muka kafa a bayan madafi. A bazara ake kafa hano, dab da saukar ruwa, ba a bakin kaka ba, wannan ma ta sani. Ni aka bar wa ban ruwa. Kullum in jawo guga in zuba, in kare su da ƙaya saboda awaki. Suka fito da 'yan ganye har na yi ta tsalle, sai kuma suka yanƙwane ɗaya bayan ɗaya.

Uwar kuwa ba a gane nata nan take ba, domin hano dama tana zubar da ganye da rani, ta tsaya kamar busasshiya. Haka muka yi ta wucewa muna kallonta watanni, ba mai cewa ta mutu, ba mai cewa tana da rai. Da zafi ya tsananta, lokacin da take yin farin fure, ba ta yi ba. Ruwa ya sauka, komai ya yi kore, ita tana nan yadda take. Iya ta je ta duba, ta dawo ta ce a ɗora tuwo. Masu igiyar awo kuwa ba su dawo ba. Gara ta cinye turakunsu, filin ya yi shekaru ba wanda ya aza tubali, har Iya ta rasu. Daga baya ne aka gine shi.

Yanzu in na bi ta wurin shaguna ne da kwata, kududdufin ma an cike shi. Jikokina darbejiya kawai suka sani, sauran duk bishiya suke ce musu. Da jikata ta haihu, a leda aka kawo mana sassaƙen hano, an ce daga nesa ake zuwa da shi, na shinshina na ajiye. Wani lokaci nakan zauna ina tuno matan da suka je da gizago a daminar nan, kowace da bisimillarta da 'yar lakarta a hannu. Ban ga maƙiyiyar hanon nan ko ɗaya a cikinsu ba.