Ranar da Kyanwar Mai Agogo Ta Yi Barci

Shagon Mai Agogo manne yake da garejina, bango ɗaya ya raba mu. Ni aikina bugu ne da ihu, shi kuwa ko allura ta faɗi a shagonsa sai ka ji ƙararta. Tun ina koyon aiki nake ganinsa a kan kujerar nan tasa mai gurguwar ƙafa, ya maƙala gilashi a ido ɗaya, ya duƙufa kan cikin agogo da ɗan hantsakinsa. Ba shi da yawan magana. Duk hirar da ya hana mu, kyanwarsa yake yi wa, wata fara mai baƙin kunne da ya raɗa wa suna Ƙararrawa, don ita ke tashinsa kowace safiya.

Abu ɗaya kowa a layinmu ya sani game da shi: ba ya shiga mota. Shekarun baya, suna dawowa daga tafiya shi da matarsa da 'yar autarsu, motar ta ƙwace a kan gadar da ke bayan gari. Shi da yarinyar suka fito da rai, matar ba ta fito ba. Tun daga ranar, duk inda zai je da ƙafa yake zuwa, inda ƙafa ba ta kaiwa kuwa ya haƙura. Auta ta girma, ta yi aure a wani gari mai nisa, ita ce ke ta zaryar zuwa duba shi. Bai taɓa ganin ƙofar gidanta ba.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Na gane ne ranar da na same shi yana laluben wata 'yar ƙusa a kan tebur, alhali ga ta nan a gabansa tana sheƙi. Likita ya ce sai an yi aiki, a babban asibitin garin su Auta, kuma in aka yi jinkiri idon zai tafi gaba ɗaya. Hanyar garin kuwa ɗaya ce tak, ta kan gadar nan ta bi.

Ina tsaye a bakin shagon lokacin da Auta ta tsare shi.

"Baba, ido ne fa. In ya tafi, da me za ka ga agogon?"

"To wa zan bar wa Ƙararrawa?"

"Mu tafi da ita mana."

Tsohon ya ga ta toshe masa hanyar gudu. Can ya ce, "Ba ta taɓa shiga mota ba. Sai an koya mata tukuna."

Washegari sai ga shi a garejina rungume da kwando mai murfi. Ya nuna wata matacciyar mota da ke kan duwatsu, ba taya, ba inji, kaji ma sun gama kwana a cikinta.

"Bakanike, ara mini wannan."

"Baba, ai wannan ko tura ta aka yi ba ta zuwa ko'ina."

"Shi ya sa nake son ta."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Amma da na ga yadda ya daɗe tsaye riƙe da ƙofar kafin ya sa ƙafa, dariyar ta koma ciki. Ya zauna a baya, kwandon a cinyarsa, gumi na zuba masa har wuya. Kyanwar ta fara kuka, shi kuma ya sunkuya yana cewa, "Ba komai, 'yar nan. Ina nan. Hanya ce kawai, za ta ƙare."

Haka ya ɗauki abin kamar gyaran agogo, ƙusa bayan ƙusa. Ya shimfiɗa tsohuwar rigarsa a cikin kwandon don ta riƙa jin ƙamshin gida. Ya gano in ya lulluɓa mata ƙyalle kukan yana raguwa. Da suka saba da matacciyar, sai ya ce mu koma motata, in tayar da inji amma kada in motsa. Daga baya muka fara zagaya layi, ya ɗaure kwandon da bel ɗin kujera, ya hana ni kunna rediyo, ya hana ni taka birki da ƙarfi. In na yi hon sai ya harare ni da idon da ba ya gani sosai.

"Kana tsorata ta," in ji shi.

Ita kuwa baiwar Allah tuni ta gane ba abin da mota ke yi wa mutum, kukan nata ya koma na shagwaɓa. Amma muddin tana kuka, hannunsa na da abin yi, bakinsa na da abin faɗa, ba ya kallon titi. Na san wa ake koya wa shiga mota, shi ma ya sani, ba kuma wanda ya ce uffan. Tausayinsa na riƙa ji, har na daina tsokanarsa, abin da ba halina ba ne.

Ranar tafiya ni zan ja su. Auta ta iso tun kafin ranar, kuma don ƙaunar ubanta ta je wurin likitan dabbobi ta karɓo maganin da ke kwantar wa kyanwa da hankali a hanya. Da safe ta ba ta, ba ta gaya masa ba sai da muka hau titi.

"Don ta huta, Baba, kai ma ka huta da lallashi."

Na kalle shi ta madubi. Ya ɗaga ƙyallen ya leƙa. Ƙararrawa ta naɗe a kan rigarsa tana barcinta hankali kwance. Ya ɗan girgiza kwandon, ko kunne ba ta motsa ba. Sai ya mayar da ƙyallen, ya rasa inda zai ajiye hannuwansa. Wallahi da hannuna zai kai, da na mintsini kyanwar ta farka.

Gidaje suka ƙare, ƙarafunan gadar suka bayyana daga nesa.

"Bakanike, tsaya."

Na gangara gefe na tsaya. Ya kai hannu ya kama mariƙin ƙofa. Na san in ya sa ƙafa a ƙasa shi ke nan, da ƙafa zai koma gida, ya zauna a shagonsa har duhu ya gama rufe shi.

Auta ce ta yi magana, kanta a sunkuye, muryarta ba irin wadda ta tsare shi da ita a shago ba.

"Baba, ni ma ban taɓa kallon gadar nan ba. Duk zuwan da nake yi wurinka, in mun iso nan rufe ido nake, in riƙe kujerar gaba har sai na ji ƙarar taya ta canza. Ban taɓa gaya wa kowa ba."

Tsohon ya juyo a hankali. Yarinyar da aka ciro daga motar nan tare da shi ce, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa tambayarta yadda take wuce wurin ba. Ya saki ƙofar. Ya ɗauke hannunsa daga kan kwandon, ya lalubo nata ya riƙe.

"Rufe idon, 'yar nan," in ji shi. "Ba komai. Ina nan. Hanya ce kawai, za ta ƙare." Sannan ya ce da ni, "Ja mu je."

Na sa giya. Ban taɓa tuƙi a hankali irin na ranar ba. Tana kuka ƙasa-ƙasa, yana ta maimaita mata kalmomin nan, idonsa a buɗe yana kallon ƙarafunan suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Mun bar gadar da nisa bai daina ba. Kyanwar kuwa sai da muka shiga garin ta farka ta fara neman abinci.

An yi aikin, idon ya buɗe, ya koma kan kujerarsa mai gurguwar ƙafa. Abin da ya canza shi ne ya hana Auta zuwa ita kaɗai. Yanzu shi ke zuwa wurinta, a motar haya, a kujerar taga. In zai tafi, sai ya leƙo garejina da kwandon, ya ajiye mini a kan benci.

"Riƙe mini ita, Bakanike. Ba ta son tafiya."