Det ɗin ranar Asabar

A ajin yaƙi da jahilci na Kusfa na fara gamuwa da kalmar. Malama ta rubuta "date" a saman allo, ta ce mu ce det, kwanan wata ke nan. Na riƙe ta gam, don ita ce Turancin farko da hannuna ya iya.

An daɗe da wannan, wata rana ina tankaɗe a tsakar gida, sai na jiyo babbar 'yata, mai karatu a jami'a, nan unguwar Kongo, tana waya ƙasa-ƙasa: "To, det ɗin ranar Asabar ne." Ƙanwar maigidana na gefena tana tsintar shinkafa. Ta zaro ido.

"Yaya, kin ji? Det fa! A fim, fita yawo da saurayi ke nan, daga shi sai ita."

"Kwanan wata ne," in ji ni.

"Zauna nan da kwanan watanki!"

Yarinyar da ba a taɓa kawo mini ƙararta ba! Hayaniya ba halina ba ce, sai na bari aka yi la'asar, na same ta tana ninkin kaya.

"Uwata, mene ne det?"

Ai kuwa ta hau yi mini lacca. Wai har dabino ma det ne, daga kalmar Girkawa mai nufin yatsa. Na dubi yatsana, wallahi kamarsu ɗaya! Na kwanan wata kuma daga Latin ya fito, ma'anarsa "an bayar", don mutanen da kan rubuta a wasiƙa: an bayar rana kaza. Daɗi ya kama ni, har na kusa manta abin da ya kawo ni.

"Madalla. To na Asabar fa, yatsa ne ko wasiƙa?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Da ƙyar muryar ta fito.

"Mama, malamin nan da ke sallama a zaure... iyayensa ne za su zo wurin su Baba, a sa rana. Baba ya ce shi zai faɗa miki in ya dawo daga kasuwa."

Alhamdu lillahi! Asabar ga ta a bakin ƙofa, ko tabarmin baƙi ban duba ba. Ni kuwa ban taɓa iya guɗa ba. Na fita ba takalmi, na kamo hannun gwaggonta.

"Ajiye shinkafar nan, 'yar fim. Zo ki rangaɗa mana, ke da Allah ya ba murya!"